Makulli A Hannun Wa? Tarihin Masu Neman Tsere Wa Google

A farkon watan Agustan 2013, wani mai ƙaramin kamfanin imel daga birnin Dallas na jihar Texas, Ladar Levison, ya miƙa wa jami'an hukumar FBI takardu shafi 11. An cika su da haruffa da lambobi, an buga su da rubutu mitsi-mitsi wanda ido ba ya karantawa sai da ƙyar. Abin da ke cikinsu shi ne makullan sirrin kamfaninsa, Lavabit, waɗanda wata kotun tarayya a jihar Virginia ta umarce shi ya bayar. A zahiri ya bi umarni. Amma ya san sai jami'ai sun zauna sun kwafe harafi bayan harafi, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Alƙali bai ga abin dariya ba. Ya yanka masa tarar dala 5,000 a kowace rana har sai ya kawo makullan a sigar da kwamfuta za ta iya karantawa. Bayan kwana biyu Levison ya kawo su, sannan a ranar 8 ga Agusta ya rufe kamfanin da ya shafe kusan shekara goma yana ginawa, tare da akwatunan mutum kimanin 410,000.

Mutum ɗaya tak gwamnati take nema a cikin wannan taro. An hana Levison faɗin sunansa, kuma sai a shekarar 2016 ne, da jami'ai suka manta ba su shafe wani layi a takardun shari'ar ba, aka tabbatar da abin da kowa ya riga ya zata: Edward Snowden ne. Sai dai makullan da aka nema ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk wanda ya riƙe su zai iya leƙa abin da ke shiga da fita tsakanin Lavabit da dukkan masu amfani da shi.

An kafa Lavabit ne a 2004 domin mutanen da ba su yarda da Gmail ba. Don haka ƙarshensa babi ne a tarihin da ya fi shi tsawo, wato tarihin manhajojin da aka gina don mutum ya yi bincike, ya aika saƙo, ya nemi hanya, ba tare da Google yana rubuta abin da ya yi ba. A tsawon shekaru ashirin wannan yunƙuri ya koyi darasi ɗaya babba, cewa rantsuwar mai ajiya ba ta kai rashin makulli a hannunsa ƙarfi ba. Ya kuma ci karo da bangon da har yau bai tsallake ba.

Cinikin ranar 1 ga Afrilu

Ranar 1 ga Afrilun 2004 Google ya sanar da Gmail, mutane da yawa suka ɗauka wasa ne, domin rana ce da Turawa suka ware wa zolaya. Hotmail yana ba da wurin ajiya megabait 2, Yahoo yana ba da 4, sai ga wani ya ce zai ba da gigabait guda kyauta. Sharaɗin shi ne na'ura za ta riƙa duba kalmomin da ke cikin wasiƙa ta ajiye talla mai dacewa da su a gefe. Cikin watan, ƙungiyoyi 31 masu kare sirri da 'yancin jama'a suka rubuta wa kamfanin suna neman ya dakatar da shirin. Wata 'yar majalisar dattawan jihar California, Liz Figueroa, ta gabatar da ƙudurin doka a kai. Ƙudurin bai zama doka ba, Gmail kuwa ya bunƙasa har ana rububin takardar gayyatar shiga cikinsa.

Abin da masu ƙorafin suka hango bai tsaya ga talla a gefen wasiƙa ba. A 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, kamfanin da ke bin sawun masu karatu daga wannan shafi zuwa wancan. A ranar 1 ga Maris na 2012 ya haɗe ƙa'idojin sirri na ayyukansa kimanin 60 suka zama ɗaya, abin da ya ba shi damar ɗinke abin da mutum ya bincika da abin da ya kalla a YouTube da abin da ke akwatinsa. A 2016 ya sauke katangar da ke tsakanin bayanan DoubleClick da sunayen masu asusu. Kowane mataki ƙarami ne in an dube shi shi kaɗai, kuma kowanne ya zo da wani sauƙi na gaske ga mai amfani. Wannan ne ma ya sa hujjar masu adawa ta yi wuyar sayarwa.

A Disambar 2009 shugaban kamfanin na lokacin, Eric Schmidt, ya faɗa a wata hirar talabijin cewa in akwai abin da mutum ba ya son kowa ya sani, wataƙila tun farko bai kamata ya aikata shi ba. An yi ta sukar wannan jimla. Wadda ta biyo bayanta ta fi muhimmanci, ko da yake ba a cika tunawa da ita ba: ya ce injunan bincike suna ajiye bayanai na ɗan lokaci, kuma dokar Amurka tana iya sa a miƙa su ga hukuma. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta shafi abokan hamayyarsa kamar yadda ta shafe shi.

Zamanin alƙawari

Dabarar kulle saƙo ta yadda ba mai buɗewa sai wanda aka aika wa ta girmi Google. A 1991 Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta. Tsarinta kamar mutum ne ya raba wa jama'a kwaɗo a buɗe, ya riƙe makulli a aljihunsa. Kowa zai iya kulle masa akwati, shi kaɗai zai buɗe. Gwamnatin Amurka, wadda a lokacin take lissafa irin wannan fasaha cikin kayan yaƙi, ta buɗe masa bincike a kan fitar da ita ƙasashen waje. Shi kuma ya buga lambobin manhajar a matsayin littafi ta hannun maɗaba'ar MIT a 1995, tunda littafi yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki. A farkon 1996 aka rufe binciken ba tare da tuhuma ba.

Matsalar PGP ita ce wahalar amfani. A wani gwaji da Alma Whitten da Doug Tygar suka wallafa a 1999, an ba mutum 12 minti 90 su kulle saƙo su sa masa hannu. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka iya. Whitten daga baya ta zama daraktar kula da sirri a Google. Shekara goma sha uku bayan wallafa gwajin, da Snowden ya fara tuntuɓar ɗan jarida Glenn Greenwald ya roƙe shi ya sa PGP, Greenwald ya yi ta jan ƙafa har Snowden ya koma wajen Laura Poitras. Labarin da ya girgiza duniya ya kusa kuɓuce wa ɗan jarida saboda manhaja mai wuyar sha'ani.

Kamfanonin da suka biyo baya sun so su ɗauke wa mutane wannan wahala, suka ce a kawo makullin su riƙe. Hushmail, wanda ya fara aiki a 1999 daga birnin Vancouver na Kanada, ya yi suna da cewa ko ma'aikatansa ba sa iya karanta saƙonni. A 2007 takardun wata shari'ar safarar magungunan ƙara ƙarfin jiki suka nuna cewa ya miƙa wa jami'an Amurka faifan CD 12 cike da wasiƙun wasu asusu a buɗe, bisa umarnin wata kotun Kanada. Ba fasa kwaɗon aka yi ba. A tsarin da mafi sauƙin amfani, kalmar sirrin mutum tana ratsawa ta na'urar kamfanin na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin ya isa.

Raunin Lavabit ke nan shi ma. Wasiƙu suna kulle a rumbunsa, amma duk sanda mutum ya shiga, kalmar sirrinsa tana isa na'urar kamfanin domin ta buɗe masa. Levison ya sha bin umarnin kotu a kan mutum ɗaya ɗaya kafin wannan karon. Abin da ya ƙi shi ne sallama kowa da kowa. Ya cancanci yabon da ya samu, kuma ya biya da sana'arsa. Amma masanin tsaron kwamfuta Moxie Marlinspike ya rubuta suka mai zafi a ƙarshen 2013, inda ya nuna cewa Lavabit yana iya karanta wasiƙun, alƙawari kawai ya yi ba zai karanta ba. Tsaron mutum 410,000 ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya. An yi sa'a mutumin kirki ne, kuma duk da haka makullan sun isa hannun FBI. Kamfanin Silent Circle, wanda Zimmermann yana cikin waɗanda suka kafa shi, bai jira sammaci ba. Da jin labarin Lavabit ya rufe nasa sashen imel ɗin.

Abin da ba a ajiye ba

Takardun da Snowden ya fitar daga watan Yunin 2013 sun sauya girman kasuwar. Sun ambaci Google cikin kamfanonin da shirin PRISM yake karɓar bayanai daga gare su, kamfanin kuma ya musanta cewa ya ba hukuma ƙofa kai tsaye. A Oktoba aka gano cewa hukumar NSA da takwararta ta Birtaniya suna tatsar wayoyin da ke haɗa rumbunan Google da junansu, ba da saninsa ba. Injiniyoyinsa sun fusata, suka gaggauta kulle waɗannan hanyoyi. Ya kamata a faɗi wannan: wajen kare asusu daga ɓarayi da masu kutse, kamfanoni kaɗan ne suka kai Google. Saɓanin da ke tsakaninsa da masu sukarsa a kan abin da shi kansa yake tarawa ne.

A wannan yanayi wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar binciken CERN da ke Geneva, ƙarƙashin jagorancin Andy Yen, suka buɗe ProtonMail a 2014. Sun tara fiye da dala 550,000 daga gudummawar jama'a, har PayPal ya riƙe kuɗin na ɗan lokaci. Darasin Lavabit suka gina a kai: a kulle wasiƙa a buɗe ta a na'urar mai ita, kamfani ya riƙe abin da shi ma ba ya iya karantawa. Tutanota na birnin Hanover a Jamus ya bi irin wannan hanya. Yau Proton yana da kalanda da rumbun ajiya da ma'ajiyar kalmomin sirri, wato ya jera kishiyoyin Gmail da Calendar da Drive a wuri guda. Kuɗin shigarsa daga masu biyan kuɗin wata yake fitowa, kuma a 2024 ya mayar da babban hannun jarinsa ga wata gidauniya da ba ta neman riba.

Ranar gwajinsa ta zo a Satumbar 2021. 'Yan sandan Faransa suna neman wani ɗan fafutukar sauyin yanayi daga ƙungiyar da ta mamaye wasu gine-gine a birnin Paris. Suka bi ta Europol, hukumomin Suwizalan suka ba da umarni, Proton ya fara rubuta adireshin IP na asusun ya miƙa. Aka kama mutumin. Ba a karanta wasiƙa ko ɗaya ba, domin ba mai iya karantawa. Amma shafin kamfanin ya daɗe yana tallata cewa ba ya ajiye adireshin IP, kuma bayan abin ya fito ya gyara kalaman. A 2024 aka sake ganin irin haka a Sifaniya, inda ya miƙa adireshin imel na biyu da wani ɗan fafutukar Kataloniya ya ajiye don dawo da asusu in ya manta kalmar sirri. Adireshin na Apple ne, daga nan aka bi sawu.

Waɗannan shari'o'i biyu sun fito da bambancin da masu talla ba sa son tsayawa a kai, tsakanin wasiƙa da ambulan. Kulle yana kare abin da ke ciki. Abin da ke bayan ambulan, wato wa ya aika, ga wa, yaushe, daga ina, tsarin imel ba ya tafiya sai da shi, tun da an zana shi ne a zamanin da ba wanda ya damu da ɓoye shi. Ga ɗan jarida mai kare majiya ko lauya mai shari'a da gwamnati, sau da yawa bayan ambulan ɗin ne ake nema. Sanin cewa wani ma'aikaci ya rubuta wa wani edita da tsakar dare, kwana biyu kafin labari ya fita, ya wadatar.

Manhajar da ta fi kowa nisa a wannan fage ba ta imel ba ce. Signal ta samo asali ne daga TextSecure da Marlinspike ya fitar a 2010. A 2016 masu gabatar da ƙara a jihar Virginia, inda aka yi shari'ar Lavabit, suka aika mata sammaci suna neman bayanan wasu lambobi biyu. Abin da ta iya kawowa layi biyu ne a kan lamba ɗaya: ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya haɗu da na'urarta. Ba sunayen abokan hira, ba jerin kira. Ba ta yi jayayya a kan bayarwa ba, ba ta rufe kamfani ba, ba wanda ya biya tara. Tazarar da ke tsakanin shafi 11 na Levison da layi biyu na Signal ita ce ainihin ci gaban da aka samu a wannan tarihi. Dabarar ta kuma yaɗu zuwa gidajen manya: WhatsApp ya kammala ɗora ta a kan saƙonninsa a Afrilun 2016, Google ma ya yi amfani da ita a manhajar Messages, ko da yake dukkansu suna ci gaba da riƙe bayanan ambulan fiye da Signal nesa ba kusa ba.

Akwai gargaɗi a gefe ga masu ganin tutar ƙasa ta isa shaida. A Fabrairun 2020 aka bayyana cewa Crypto AG, kamfanin Suwizalan da ya sayar wa gwamnatoci sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, mallakin CIA da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ne a asirce tsawon shekaru. A Yunin 2021 kuma aka sanar cewa wayar sirri mai suna Anom, wadda masu safarar ƙwayoyi suka yi ta saye, FBI ce ke tafiyar da ita. An kama mutum fiye da 800. Shi ya sa masana suke nacewa a kan manhajar da lambobinta suke a buɗe kowa ya duba, ko da yake mafi yawan masu amfani ba za su taɓa dubawa ba, dogaro suke yi da cewa wani ya duba.

Haya a gidan abokin hamayya

Saƙo ana iya kulle shi. Bincike ba ya kulluwa, domin dole injin ya karanta tambaya kafin ya amsa. Abin da kishiyar Google za ta iya yi a nan shi ne ta ƙi haɗa tambayar da mai tambaya. Gabriel Weinberg ya kafa DuckDuckGo a 2008 a jihar Pennsylvania, a 2011 ya kafa allon talla a San Francisco yana zargin Google da bin sawun mutane. Tallansa yana bin kalmar da aka rubuta ne a lokacin, ba tarihin mai rubutawa ba, kuma da haka ya nuna ana iya cin riba ba tare da buɗe wa kowa fayil ba. Bincikensa ya kusa ninkawa cikin makonni bayan Snowden, ya haura miliyan 100 a rana a Janairun 2021.

Amma tattara shafukan intanet baki ɗaya aiki ne na biliyoyin daloli. Yawancin sakamakon DuckDuckGo daga Bing na Microsoft yake zuwa. A Mayun 2022 wani mai bincike, Zach Edwards, ya gano cewa burauzar kamfanin tana tare masu bin sawu na wasu kamfanoni tana ƙyale na Microsoft a wasu shafuka. Weinberg ya amsa cewa yarjejeniya ce ta ɗaure su, aka kuma gyara a watan Agusta. Ranar 23 ga Mayun 2024 da Bing ya samu matsala, DuckDuckGo da Ecosia suka tsaya tare da shi. Startpage na ƙasar Holan kuwa ya yi suna ne da kawo sakamakon Google ɗin kansa ba tare da sunan mai tambaya ba, sai ga shi a 2019 wani kamfanin tallace-tallace na Amurka, System1, ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Masu nasu rumbun, irin su Mojeek na Ingila da Brave Search, ƙalilan ne.

A ɓangaren burauza abin ya fi fitowa fili. Firefox, wadda ta fi kowace daɗewa a matsayin mafakar masu gudun Chrome, tana rayuwa ne da kuɗin Google: fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigar Mozilla daga yarjejeniyar sanya Google a matsayin injin binciken da ake tararwa yake fitowa. Kowa ya ci ladan kuturu, an san abin da ke biyo baya. Brave da Opera da Edge da Vivaldi kuwa duk a kan Chromium aka gina su, harsashin da injiniyoyin Google suke jan ragamarsa. Da Google ya sauya ƙa'idar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, har cikakkiyar uBlock Origin mai tare talla ta daina aiki a cikinta daga ƙarshen 2024, sauran sai da kowa ya zauna ya lissafa ko yana da ƙarfin riƙe tsohon tsari shi kaɗai. Ita kanta Signal tana hayar na'urori daga Amazon da Google da Microsoft. Shugabarta, Meredith Whittaker, wadda ta yi shekara 13 a Google kafin ta bar shi, ta bayyana a 2023 cewa tafiyar da manhajar zai riƙa cin kimanin dala miliyan 50 a shekara.

Fannin da aka fi samun 'yanci na gaske shi ne taswira. OpenStreetMap, da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, 'yan sa-kai ne suke zana ta, kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki da ita ko babu intanet. Sai dai ba ta san inda cunkoso yake a wannan sa'a ba, domin sanin cunkoso daga bin sawun miliyoyin wayoyi yake samuwa.

Bangon ƙarshe ita ce wayar kanta. Android a buɗe take, kowa zai iya ɗauka ya gyara. Amma tun daga 2012 Google ya riƙa kwashe muhimman ayyuka, irin su sanarwar shigowar saƙo da gano wuri da tantance lafiyar waya, yana zuba su cikin Play Services, wanda a rufe yake kuma sai da lasisi. Huawei ya ɗanɗana ma'anar wannan a 2019: da takunkumin Amurka ya raba sababbin wayoyinsa da ayyukan Google, kasuwarsa a Turai ta rushe, alhali kamfani ne mai dubban injiniyoyi. Ƙananan yunƙuri sun ci gaba duk da haka. Akwai LineageOS da ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, da /e/OS ta Bafaranshe Gaël Duval, da shagon F-Droid mai buɗaɗɗun manhajoji tun 2010. Wadda masana tsaro suka fi yabo, GrapheneOS, ta shafe shekaru ba ta hawa kowace waya sai Pixel, domin ita ce ta cika sharuɗɗan tsaron da masu ginin suka gindaya. Mai son raba wayarsa da Google sai ya fara da sayen wayar Google.

A nan ne tarihin ya taɓa mai karatu a Kano ko Yamai. Wayoyin da suka cika kasuwannin yankin, Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, ba sa cikin waɗanda GrapheneOS take hawa, kuma manhajojin banki da dama a duniya suna ƙin aiki a wayar da ba ta ci jarrabawar tantancewar Google ba. Signal tana buƙatar lambar waya kafin rajista, ko bayan da ta kawo sunan laƙabi a 2024, lambar waya kuwa a Nijeriya an ɗaure ta da lambar NIN tun umarnin Disambar 2020. Abin da aka faɗa yana ɓoye, amma asusun yana da mai shi. Akwai kuma ɗaya fuskar. Lokacin da manhajojin ba da bashi suka addabi 'yan Nijeriya da kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi suna aika wa 'yan uwansa saƙon tozarci, ɗaya daga matakan da suka yi tasiri shi ne dokar shagon Play da ta fara aiki a ƙarshen Mayun 2023, wadda ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. Ikon da masu neman sirri suke gudu, shi ne ya yi aikin mai gadi a wannan karon.

Me ya sa, bayan Snowden da tara iri-iri, har da dala miliyan 391.5 da Google ya biya jihohin Amurka 40 a 2022 a kan bin sawun wuraren da mutane suke zuwa, kason kishiyoyin bai taka kara ya karya ba? Kotu ta ba da wani ɓangare na amsar. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar, an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 domin ya zama injin da mutum yake tararwa in ya kunna waya ko burauza; Apple ya karɓi biliyan 20 a 2022. Weinberg ya shaida wa kotun cewa kason DuckDuckGo a Amurka bai wuce kashi 2.5 ba. Google ya ce mutane suna zaɓarsa ne don ya fi kyau, kuma alƙali Amit Mehta ya yarda cewa injinsa ya fi na kowa inganci. Duk da haka, a ranar 5 ga Agustan 2024 ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere, ya kuma kare shi ta hanyar da ta saɓa doka. Wanda ya tabbata za a zaɓe shi ba ya biyan biliyan 26 don kada a tambaya.

Tarayyar Turai ta riga ta gwada nata maganin. Bayan tarar yuro biliyan 4.34 a kan Android a 2018, Google ya fito da allon da mai sabuwar waya zai zaɓi injin bincike, amma ya sa guraben a gwanjo. Kamfanin da ya fi tatsar riba daga kowane mai amfani shi ya fi iya tayi, don haka DuckDuckGo ya rasa gurbi a yawancin ƙasashe. Sai a 2021 aka soke gwanjon.

Hukuncin gyara na Mehta ya fito ranar 2 ga Satumbar 2025. Bai tilasta sayar da Chrome ba. Ya haramta yarjejeniyar da ke hana abokin hulɗa ɗaukar wani injin, amma ya bar biyan kuɗin ya ci gaba, kuma cikin dalilansa har da cewa yanke shi zai durƙusar da masu dogaro da shi. Mozilla na cikin waɗanda suka roƙi kotu kada ta yanke. Domin a buɗe wa kishiyoyi hanya, alƙalin ya umarci Google ya ba waɗanda suka cancanta wani ɓangare na rumbun shafukansa da na bayanan yadda mutane suke bincike da abin da suke latsawa. A martaninsa na ranar, Google ya ce yana da damuwa a kan yadda wannan umarni zai shafi sirrin masu amfani da shi.